Keken Fatsa

Tasi'u ya dawo daga bakin teku
da gishiri a fason ƙafarsa
da wata leda mai warin man inji.
Ya zazzage ta a kan tabarmata:
keken fatsa biyu, kamar tagwaye,
sai dai ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa nauyi.
"Kawu, zaɓi ɗaya. Ɗayan na biyan bashi ne."

Ni da na tsufa ina naɗe zare a gwangwanin madara
har yatsana ya yi kanta,
yau ni ake tambaya wanne.

Ya ce wannan, in ka murɗa sau ɗaya
cikinsa ya juya sau shida da 'yan kai.
Wancan kuwa sau huɗu, shi ma da ƙyar,
kamar raƙumi zai tashi da kaya.
Na ce ai magana ta ƙare.
Wa ke barin shida ya ɗauki huɗu?
Ko a rabon naman watanda ba a yi.
Yaron ya sosa ƙeya, bai tanka ba.

Da safe na kai wa Ilu mai faci
a gindin ɗorawar kasuwar Rurum.
Mutumin da bai taɓa kama ko ƙawara ba,
amma ya kwance murfin,
ya ƙirga haƙoran da tsinken tsintsiya
yana motsa leɓe kamar mai jan carbi.
Ya ce, "Nomau, ka taɓa hawan tudu
da buhun masara a bayan keke?
Giyar da ke gudu a kwalta
ita ke kashe gwiwa a hawa."
Ya karɓi goro, ya koma kan tayarsa.

Na dawo ina tauna maganar.

Inda nake jefa dalma a Tiga
gaba tara ne kafin a taɓa ƙasa,
kuma ƙasar na san ta.
Gonar babanmu ce kafin ruwa ya ci.
Tsamiyar da muke ɗaure jaki
tana nan tsaye cikin duhu, ba ganye,
tarwaɗa na kwana a jijiyarta.
Ita kuwa tsohuwar tarwaɗa ba ta tsere.
In ta haɗiyi tana sai ta zauna,
ta sa maka nauyi irin na mai bin bashi
wanda ya cire takalmi a ƙofar gida.
Wannan ba da sauri ake sallamarsa ba.

Na ɗauki mai huɗu.
Tasi'u ya ce a can, bayan kowane su,
sai sun wanke shi da ruwan daɗi
don gishiri na cin ƙarfe.
Na ce mu nan gishirinmu yana miya.

Ran Laraba, kafin rana ta fito,
na saki zare har ya yi laushi.
Na jira. Na ci rogo. Na jira.
Can sandar ta rusuna kamar mai gaisuwa.
Na murɗa, huɗu,
na murɗa, huɗu,
kwale-kwalen yana karkata, kafaɗata na ƙara,
keken bai ko yi tari ba.
Abin yana tahowa a hankali
kamar guga daga rijiya mai zurfi.

Ba kifi ba ne.
Reshe ne, baƙi ƙirin, mai santsi,
da guntun igiya a ɗaure
wadda ba zan rantse tamu ce ba.

Na daɗe ina kallonsa a cikin jirgi.

Da yamma na kama kurungu uku.
Talatuwa ta ce su ke nan?
Na ce su ke nan.
Ta ga reshen, ta kai hannu za ta sa a murhu.
Na ce bar shi tukuna,
bai bushe ba.